Jikokin Ƙetare da Abin da Suka Dawo da Shi a Baki

A makarantun firamare na Kano, Katsina da Zariya, ranar komawa bayan dogon hutu ranar baje koli ce. Wanda ya je ƙauye wurin kakarsa ya dawo da kaushi a ƙafa da aya a aljihu, ba mai tambayarsa komai. Amma kowane aji ba ya rasa mutum ɗaya ko biyu da kakarsu take "waje", su kuwa sai an yi mako ana zagaye su lokacin tara. Wajen nan ba lallai Landan ba. Fataucin goro, tafiyar Hajji a ƙasa da iyakar da Turawa suka shata sun riga sun warwatsa kakannin Hausawa daga Kumasi har Makka tun fasfo bai zama ruwan dare ba. Abin da ya sa ake maganarsu shi ne ba sa warkewa. Sun girma, wasu har da furfura, amma da an ajiye abinci a gabansu sai a gane inda aka kai su hutu.

Wanda ya fi yawa shi ne Ɗan Sefa. Ƙetarensa Maraɗi ce, ko Damagaram, ko Ƙonni. Daga Katsina a bi ta Jibiya, a tsallaka Ɗan Isa, kafin hantsi ya dubi ludayi an sauka. Wanda ya je Legas ya ninka shi nisa sau da yawa, sai dai wanda ya je Legas bai canza kuɗi ba, nan kuwa gizo ke saƙar. Iyakar ma Ingila da Faransa ne suka yanke ta a takarda farkon ƙarnin da ya wuce, ta ratsa tsakanin dangi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Wannan duk bai dami Ɗan Sefa ba. Shi dai ya je ƙasar da ba a ƙirga faranka sai dala, kowace dala faranka 5, ƙarfen da aka rubuta wa 100 sunansa dala ashirin, takardar 1000 kuma jika. Kakarsa takan kwance bakin zane ta miƙa masa ƙarfe ɗaya ta ce, "Ungo, maigida, tunda kai ba ka san hanyar cefane ba." In ya yi tsiwa ta ƙara masa da cewa a cikin jikokinta ta fi son na takarda, don shi ba ya cin tuwo.

A can ya fara ganin burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ke kankare dasashi, ya koyi jiƙa cuku a shayi, ya koyi cewa hura da lahiya. A can kuma ya kwana yana juyayi ranar da ɗan kawunsa ya dawo daga lakwal yana kuka wai mushe ya doke shi, kafin a yi masa bayani cewa malamin makaranta ake nufi. Yau a majalisa, duk kilishin da aka kawo sai ya ɗaga shi sama ya leƙa rana ta cikinsa, ya girgiza kai, ya ce wannan ai tabarma ce. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, jama'a na kukan shinkafa, shi cuku yake wa zaman makoki.

Sai Mai Shito, wanda shari'arsa ta fi ta kowa tsawo. Shi tafiyarsa ma abin tutiya ce: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, iyaka uku a yini guda, ba biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Kakan kakansa ne ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ya ci kasuwar Salaga, zuriyarsa suka gangara Zangon Kumasi, wasu suka zarce Akra, Nima ko Sabon Zangon da Malam Baƙo ya kafa. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Gidaje da dama suka rabe biyu, ɗa ya dawo Kano, uwa ta ce ita ba inda za ta. Shi ya sa yaron da aka haifa a Fagge yake da kaka a Nima, yake kuma zuwa mata da kaya cikin jakar nan mai gidan dara da ta samo sunanta daga korar 1983, lokacin da Najeriya ta rama.

Abin da ya riƙe daga Gana tukunya ɗaya ce. Da sanyin safiya kaka ta ba shi kuɗi ta tura shi layin mai wake. Matar ta yaye ledar da ta rufe tukunya, tururi ya bugi fuskarsa, ga shinkafa da wake sun yi jawur saboda karan dafin da aka dafa su da shi. Ta shimfiɗa ganye a tafin hannu, ta zuba, ta ɗora taliya, ta barbaɗa jiƙaƙƙen garin rogo, ta sa ganda da dafaffen ƙwai, sannan ta ɗebo cokali guda na shito, baƙi ƙirin, barkono da busasshen kifi da jatan lande da aka soya a mai har suka manta asalinsu. Sunan abincin, waakye, wakenmu ne ya je Gana ya sake riga, kamar yadda tuwon zafi da koko da ƙosai suka zauna a can da sunayensu na gida. Yaron ya ci yana hawaye yana jan majina, washegari ya riga kowa tashi.

Ya dawo kuma da Hausar zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. "Kakana ya ce in gaishe ku," in ji shi, alhali tsohuwa yake nufi, malamin Hausa ya yi ta fama har zangon karatu ya ƙare. Harshen ya gyaru, bakin ne bai gyaru ba. Matarsa ta tambayi maƙwabta, ta duba intanet, ta ƙona tukunya biyu tana gwada shito. Yakan ɗanɗana, ya yi shiru, ya ce, "Ya yi daɗi, amma..." A gidan Mai Shito ne kawai aka san barkono yana jawo yaji iri biyu.

'Yar Habboba ba a baki ciwonta yake ba, a hanci yake. Habboba ita ce kaka a Larabcin Sudan, ita kuwa tata tana Kasala, ko Gadarif, ko Mai Wurno, garin da ke bakin reshen Nilu mai gangarowa daga Habasha. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja ragowar jama'a gabas bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Wasu kakannin kuma maniyyata ne da suka tashi a ƙafa ta Maiduguri da Abeshe, guzuri ya ƙare, suka tsaya ƙwadago a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sennar a 1925, da niyyar shekara ɗaya. Shekarar ce ba ta ƙare ba har aka yi jikoki.

Ita abin da take tunawa la'asar ce. An yayyafa ruwa a tsakar gida, an fito da angarib, gadon nan na katako da igiya. Habboba ta naɗe lafayarta ta zauna gaban kasko, ta soya 'ya'yan gahawa har suka yi baƙi, ta zagaya da su kowa ya shaƙi hayaƙin, ta daka da citta a ɗan turmi, ta zuba a jabana, tulun yumɓu mai dogon wuya. Yara ba a ba su, sai dai a bar musu sukarin da ya kwanta a gindin finjali, wanda a wurin 'Yar Habboba ya fi duk wata alewa da aka taɓa yi. Ruwan sha a zir yake, randar da ke zufa tana ɗiga a kwano, ga kisra siririya kamar takarda. Yanzu ita ce alƙaliyar bikin unguwa. In an kawo humrar amarya sai ta ɗiga a bayan hannu, ta jira, ta shinshina, ta ce an yi ha'inci a sandal. Masu dilka da turaren wuta suna tsoronta fiye da uwar ango. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ta rage wannan barkwancin. Hutun yara a can ya tsaya, abin da ya rage saƙon murya ne a WhatsApp, in an dace da sabis.

Ɗan Makka kuwa tun daga bakin ƙofa ake jin sa: yalla, khalas, wallah. Kwana arba'in ya yi a Misfala ko Jarwal wurin kakarsa, ya dawo yana tambayar yadda ake cewa cokali da Hausa. Danginsa na can sun daɗe har sunan Hausawi ya zame musu na iyali, irin na Usama Hausawi da ya riƙe kambun ƙungiyar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, wanda Ɗan Makka ke ambata kamar tare suka yi wasan ƙasa. Abubuwa uku suka kama shi: sanyin na'urar ɗaki da ke sa mutum ya ja bargo da azahar, burodin tamis mai zafi da ful da safe, da kazar Al Baik, wadda aka fara sayarwa a Jidda a 1974, tare da farar miyarta ta tafarnuwa. Ikonsa a aji kuwa 'yar kyamarar roba ce da ake kanga ido a danna, Ka'aba ta wuce, koriyar ƙubbar masallacin Madina ta shigo. Leƙe ɗaya, gutsuren rake ɗaya. Ya yi arziki a zangon farko, kafin wani ɗan Alhaji ya zo da tasa ya karya farashi.

Na Kamaru ba shi da yawan magana. A ba shi jirgin ƙasan dare daga Ngaundare zuwa Yawunde, da matan da ke miƙo ayaba da zuma ta taga a tashoshi, da burodin da aka shafe da Tartina, da hayaƙin tsiren Briketeri, wanda can soya suke ce masa, shi ke nan an gama da shi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika lissafawa da su ba. Ga Ɗan Goye, wanda aka kai shi yana da wata takwas, amma yana ba da labarin Kumasi titi-titi, duk daga bakin uwarsa da hoto ɗaya da ya koɗe. Ga Ɗan Aro, wanda kakarsa ke Ɗambatta lafiya lau, amma zama da Mai Shito ya sa shi ma yake cewa "irin na can", in aka tambaye shi can ina sai ya kama tari. Mafi ban tausayi shi ne wanda ya tara kuɗi ya koma da girmansa. Ya tarar tsakar gidan da yake tsere a ciki taku shida ce, bishiyar da yake ganin ta taɓo sama darbejiya ce kamar ta ƙofar gidansu, gwangwanin biskit ɗin da kaka ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado kuma, wanda ya yi shekaru yana mafarkinsa, zare da allura da maɓallai ne a ciki, kamar yadda yake a ƙarƙashin gadon kowace kaka daga Agadas har Duwala.

Sabon shiga a jerin shi ne wanda ƙetaren ya juye masa. An haife shi a Landan, ko Manchesta, ko Amurka, kakarsa ta waje kuwa tana Gwammaja ko Tudun Wadan Zariya. Shi ma yana komawa makaranta da nasa labaran: wanka da bokiti da moɗa, zakaran da ba ya duba agogo, gidan sauro da ya ɗauka tanti ne, ihun yaran unguwa in an kawo wuta, da wata tsohuwa da ta dage sai ta kira shi mijinta, abin da ya sa shi kuka a daren farko. 'Yar'uwarsa ta fi shan wuya, don ita kishiya aka ce mata, aka kuma zarge ta da zuwa ƙwace Alhaji, mijin kaka. Kafin mako biyu sun iya dama fura, sun iya ramawa.

Daren komawa, kaka ta baje akwati a tsakar ɗaki. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa cikin leda uku don wari, yaji a gorar ruwa. Ɗanta ya tsaya a bakin ƙofa yana bayani a hankali, yadda ya yi bara da bara waccan, cewa dokar Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga nan, in an gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi.

"To, na ji," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ta ɗauko kilishin, ta naɗe shi a takarda, ta naɗe takardar a zane, ta tura zanen cikin hannun rigar sanyin jikan, ta danne akwatin da gwiwa. Sannan ta jawo yaron kusa, ta rage murya.

"Maigida, in sun tambaye ka, ka ce musu magani ne."