Ka Saki Giwa, Ka Auri Mesa

Taubashi, labarinka ya riga ka isowa. Ranar Alhamis a Shinkafi, kasuwa na tsakiyar ci, wani yaronka ya tare ni ya ce wai Malam ya bar PHP ya koma Python, har ya ɓamɓare hoton giwar nan ta PHP daga murfin kwamfutarsa ya manna macizai biyu. Na ce ƙarya kake yi, ba dai mutumin Zurmi ba, wanda tun muna Poli a Kaura yake cewa shi da PHP sai mutuwa ka raba. Ashe ka yi saki uku ba ka gayyace ni shaida ba.

To bari in faɗa maka abin da dillalan auren suka ɓoye. Amaryar taka ta girmi uwargida. Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fito da Python a 1991, shi kuwa Rasmus Lerdorf sai 1995 ya saki PHP. Kuma sunan ma ba na mesa ba ne, daga wani wasan barkwanci na BBC aka aro shi, Monty Python. Dama na san duk inda ka je sai ka haɗu da 'yan wasa irinka.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne dala. A PHP kowane suna da za ka ajiye ƙima a ciki sai ka sa masa alamar dala a gaba. Shekara goma kana buga dala ɗari-ɗari a wuni, kuma iyakar dalar da ta taɓa ratsa hannunka ke nan. Yanzu ita ma ka sallame ta.

Ka ce ka huta da waƙafi mai ruwa a ƙarshen kowane layi, ka huta da baka masu lanƙwasa. Na yarda. Amma giwa in ta yi fushi kana ganin abin da ya ɓata mata rai. Ita mesa da sarari take faɗa, abin da ido ba ya gani. Bayan na ji labarin, na gan ka da idona a shagonka: ka kwafo darasi daga takarda, tazarar farkon layi ta watse, nan gurbi huɗu, can uku, wani wuri kuma ka danna tab. Janareta na shan mai, mai makarantar da ya ba ka aikin yana zaune a benci yana karkaɗa ƙafa, kai kuma ka kafa hanci a allo kana ƙirga babu da yatsa. Da na tambaye ka me ake nema, cewa ka yi in yi shiru.

Ba zan ci haƙƙinta ba dai. Ranar da ka zuba mata sakamakon jarabawar ɗalibai daga Excel, ka kira pandas, layi goma sha wani abu ta tace komai ta jera na ɗaya zuwa na ƙarshe, na yi gum. Da PHP sai mun kai la'asar. Kuma duk yaron da ke son ƙirƙirarriyar basira yau, ta ƙofarta zai shiga. Ko yara sabbin shiga sun fi saurin gane ta, wannan ma na gani.

Sai dai ka cika mantuwa. Satumbar 2021, da aka rufe sabis a Zamfara, mutane na hawa mota su bar jiha don buga waya ɗaya, wa ya ciyar da kai? XAMPP ne a cikin wani tsohon filas mai shuɗiyar igiya. Ka dasa shi a kwamfutar makaranta, Apache da PHP da rumbun bayanai duk a tukunya guda, ba ka nemi data ko ta sisi ba. Amarya kuwa, kowane kayan ɗaki sai an aiki pip ya ɗauko mata daga intanet. In ba ka tara su tun da rana ba, ka kwana da ita a ɗaki wayam.

Kuma giwar da kake cewa ta tsufa, ita ke ɗauke da WordPress, shi kuma yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet. Wikipedia a bayanta take. Facebook ɗin da kake hawa kana zaginta, da ita aka fara gina shi a 2004.

Masu shafukan da ka gina musu a baya, in sun zo gyara kada ka tsaya kame-kame, ka turo mini su Shinkafi. Ka haɗo da filas ɗin nan, da hoton giwar in ba ka yaga ba, da kuɗin sharata na bara da har yau kake noƙewa. Kada ka ce za ka turo ta waya, na san sabis ɗin Zurmi.