Injiniyan Gwaram da Ƙofar Raga

Taubashina, Injiniyan Gwaram, sannu da ƙoƙari. Labari ya iso mana nan Birnin Kudu cewa jamlok ɗin ƙofar ragarka ya cije, makullin kuma ya bi shanun sarki. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya tsegunta mini. Uwargidanka ce, har ta ce in ƙara gishiri.

Ɓatan makullin bai ba ni mamaki ba. Mutumin da ya zagaye kasuwar Sara yana cigiyar hular da ke bisa kansa, me zai hana shi yar da makulli? Abin da ya ɗaure mini kai shi ne man gyaɗa. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta cika ramin makulli, kai kuma ka ɗauko man miya ka tsiyaya a ciki. Ƙura ta sha mai ta zama danƙo, 'yan ƙarafan da haƙoran makulli ke ɗagawa suka daskare. Garin bakin fensir ake hura wa kwado, ranka ya daɗe, shi ba ya riƙe ƙura.

Wannan ma da sauƙi. Wai da abin ya gagara sai ka sa reza ka yanka ragar don yara su riƙa ratsawa. A tsakiyar Agusta! Sauron Gwaram duka ya gode, sun ce ba su taɓa ganin mai kyauta irinka ba, kai da ko kuɗin shara sai an kai ruwa rana da kai. In zazzaɓi ya kayar da ku, nan dai za a kawo ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma tuwon gidana za ka ci.

To, buɗe kunnuwan nan naka masu faɗi. Tunda ƙofar a rufe ta maƙale, a fara zare ƙusoshin hinjis a ɗauke ta gaba ɗaya. Sannan a kwance mariƙin da sukudireba. A gefen ƙofar akwai dogon sukuru guda, shi ke riƙe da silindar da makulli ke shiga. Na san ka, kana cire shi za ka fara fizga da filaya. Ba za ta fito ba. Akwai ɗan harshe a tsakiyarta da ya karkace, makulli ne kaɗai ke daidaita shi. Babu makulli, sai dai mai gyara ya huda ta da inji, ko ya karya ta a tsakiya inda ramin sukurun ya sa ta sirance. Mai gyara na ce, ba kai da taɓaryar uwargida ba.

Ka riƙe tsohuwar silindar ka tafi da ita shago, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. In Gwaram babu, ka hau mota ka zo birni, garin da Dangote ya gama sakandare a 1978, garin da zanen Dutsen Habude yake nan daram tun kafin kakanninku su san ƙofa. Za mu karɓe ka, ba ma wulaƙanta baƙauye.

Sabuwar takan zo da makullai fiye da ɗaya. Ka miƙa wa uwargida duka, kai ka riƙa yin sallama. Kuɗin sabuwar raga da ladan kafinta kuwa daga aljihunka za su fito, kada ka kira ni.