Daƙiƙa Biyar da Suka Fi Ƙarfin Babbar Riga

Akwai mutumin da a gida ko layin banki ba ya bi. Ko ya aiki yaro, ko ya kira manaja a waya. Amma bari ya je Dubai sarin kaya, wani ya raɗa masa cewa a Abu Dhabi akwai jirgin lilon da sai namijin duniya ke hawa. Shi ke nan. Zai ɗauki mota har tsibirin Yas, ya biya kuɗin shiga Ferrari World, ya tsaya layi bayan 'yan makaranta, ko tari ba zai yi ba.

Sunan abin Formula Rossa. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi, aka buɗe shi a 2010, ya kuma shafe shekaru yana riƙe da kambun gudu a duniya. Jiragen lilo na da, sarƙa ce ke jan mutum sama sannu a hankali, har ya samu sararin tuna masu bin sa bashi ya yi istigfari. Wannan ba ya yin irin wannan rangwame. Inji mai aiki da matsattsen mai ne ke fizgar igiyar ƙarfe, ya cilla jirgin daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 4.9. Kamar dai yaro ya saki dutse daga gwafa, sai dai a nan kai ne dutsen, kuma kai ka biya.

Kafin a kai ga haka akwai tuɓe girma. Hula, a ajiye. Wayoyi uku, a ajiye. Babbar riga kuwa, ko ba a ce komai ba, hankali zai gaya maka iska ba ta san aikin hannu ba. Sannan a miƙo tabarau mai roba, don a irin wannan gudu ƙwayar yashi ko ƙwaro na iya yi wa ido illa. Mutumin da ma'aikata ke durƙusa wa ga shi nan an ɗaure shi a kujera, wani saurayi sa'ar ɗansa yana jan bel ɗin ya ga ko tumbi ya bar shi ya kama.

"Alhaji, da ka haƙura, ka san hawan jinin nan," in ji matarsa Hajiya.

"Haba Hajiya! Ni da na yi shekaru ina bin motar dare daga Kano zuwa Legas?"

Motar dare dai tana tsayawa shan mai.

Abin da ke biyo baya bai wuce minti ɗaya da rabi ba, amma ya ishi a gane halin kowa. Baturen da ke gefe ya ɗaga hannu sama yana ihun murna. Namu ya rungume ƙarfe yana "Wayyo Inna!", Innar da rabon ya kira ta a waya tun ƙaramar Sallah. Alkawuran sadakar da ake ɗauka a kwanar farko kaɗai, da ana cika su, da almajiran unguwa sun yi ƙiba.

Ya ma gode Allah ba Kingda Ka ya hau ba, wanda aka buɗe a New Jersey ta Amurka a 2005, mai tsayin mita 139. Shi wani lokaci in an harba shi ba ya ƙarasa haye ƙololuwa, sai ya sulalo da baya, a sake harbawa. Masu sha'awar abin a can suna ɗaukar haka a matsayin sa'a, hawa biyu kuɗin ɗaya. Namu da cewa zai yi abokan kasuwa ne suka sa masa hannu. An rushe shi a 2025, ba kuma wanda ya zargi maƙiya.

Da an sauka sai ka ga ikon Allah. Gwiwa na rawa, baki na cewa, "Au, shi ke nan? Ai na zaci wani abu ne." Bidiyon da yaransa suka ɗauka na saukowarsa yana dafa bango, an hana shi fita da barazanar ƙwace waya. Wanda ya hau Facebook shi ne hoton da ya jingina da jar mota, hula ta koma mazauninta, a ƙasa an rubuta "Alhamdulillah".

A majalisa kuwa gudun jirgin ƙaruwa yake kowane mako, har ya kusa kamo jirgin sama. Sai autansa ya tambaya, "Baba, yaushe za mu koma mu hau tare?"

"Sai ka gama jami'a."

Yaron yana aji biyu na firamare.