Yadda Ake Koya wa Na'ura Ciniki a Tanut

Ba zan ɓata maka lokaci da yadda ake kunna manhajar ba. Idan har kana karanta wannan, to wani yaron gidanku da ke karatu a Zinder ya riga ya ɗora maka ita a waya, ya ce "ai ba wuya, Kawu," ya hau mota, kuma tun ranar lambarsa ba ta shiga. Mu da aka bari da na'urar lissafin ciniki a kan tebur, mu za mu yi wa juna jaje. Ni nawa rabon ya faɗo ne a butik ɗin yayana, mai kayan masarufi da teburin shayi a bakin hanyar Agadas.

Na ɗaya, raba nau'i da ƙari. Ƙofofi biyu ne daban a manhajar. Nau'i shi ne kaya ɗaya mai girma iri-iri, kowanne da farashinsa da adadinsa a sito, kamar ƙaramin gwangwanin madara da babba. Ƙari kuwa shi ne abin da mai saye ke cewa a sa masa a kai: ƙwai, mayonez, cokalin Nescafé, kuɗinsa ya hau kan na asali. Kada ka kuskura ka shigar da shayi ta ƙofar nau'i. Kofi girma 3, madara iri 3, sukari mataki 4, na'ura za ta ninka su ta haifo maka layi 36, kowanne yana jiran farashi. Kafin ka lalubo "babba, madarar gari, sukari kaɗan," direba ya danna hon, fasinja ya ruga da kofinka a hannu.

Na biyu, kuɗi. Na'ura tamma take ƙirgawa, ƙasarmu Damargu kuwa da dala take ciniki. Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ba ni sukari na dala goma," wato sefa 50, yaron shago ya buga 10. Da magariba lissafi ya nuna yayana yana raba sukari sadaka. Maganin shi ne ka rubuta "ƙullin dala 5" a fuskar maɓalli, ka ɓoye 25 a bayansa. Wannan ce kaɗai shawarata da ke aiki, ka riƙe ta da kyau.

Na uku, manhajar za ta tambaye ka wane zaɓi ne tilas, wanne ne ganin dama, kuma guda nawa mutum zai iya ɗauka. Idan ka ce sukari tilas ne, ba za ta bar ka ka rufe ciniki ba sai ka zaɓa. To ga direban tanka da ya taso daga matatar SORAZ ya zauna a benci, ya ce, "Malam, yadda aka saba." Shi ke nan odarsa. Yayana ya san abin da aka saba: madara ta yi yawa, a farfasa ƙwai biyu da albasa, kada a tambaye shi kuɗin jiya. Na'ura kuwa ta ƙafe sai an faɗa mata cokali nawa.

Tunda an zo nan, bari in yi maganar tiya, don ita ce ta hana ni barci. Damargu rumbun hatsi ce, kowa ya sani, kuma hatsi da tiya ake auna shi. Na shigar da "gero, tiya 1," na ji daɗi. Sai mai saye na farko ya ce a yi mata tsororuwa. Na biyu ya ce a tare gefen kwanon da hannu, haka ake yi a garinsu. Na uku ya jira aka gama awo, ya buɗe bakin buhu ya tsaya yana kallon yayana. Gyara yake jira. Wane maɓalli ne gyara? Idan na sa shi a ƙari da farashi sifili, sito ba ya raguwa a lissafi, alhali buhu yana ramewa a gabana. Idan na sa masa kuɗi, ya tashi daga gyara, an kuma ci mutuncin mutum. Kuma girmansa ba ɗaya ba ne: na suruki daban, na baƙo daban, na wadda ta goya ka tana budurwa kuwa sai ta ce ya isa. Wanda ya ƙera wannan manhaja, wallahi bai taɓa jin an ce "albarka" an juya baya, an yi taku uku an dawo ba. A ƙasarsu farashi a manne yake jikin kaya. A nan farashin gero na kaka daban, na bazara daban, na ranar kasuwa da hantsi daban da na la'asar, lokacin da makiyayan Tenhiya suka sayar da bisashe aljihu ya yi nauyi. Ni zan zauna ina sauya lamba sau nawa a yini?

Na huɗu... ko na biyar ne? Canji. Idan babu dala biyar, ana ba mutum minti. Ka nemo wa wannan gurbi da kanka, ni na gaji.

Idan kana da reshe a Belbeji, ka ba shi farashinsa daban saboda kuɗin mota. Hukuma ta raba shi da Tanut tun 2011, kai ma ka raba. Ka kuma tabbata manhajar tana aiki ba rezo, ka tanadi abin caji. Batun bashi kuwa, kada ka yar da kaye, littafinka na rubutu. Alhajin da zai biya "in an yi kaka" ba ya son ganin sunansa a allon da ke haske gaban jama'a.

Shawara ta ƙarshe da ƙyar na yarda in faɗa. Akwai wani maɓalli da ake barin farashinsa a buɗe, ka buga abin da kuka daidaita a kai. Na buɗe shi don ko-ta-kwana, na sa masa suna "Sauransu." Yayana ya gano shi kafin azahar. Ƙarshen wata na'ura ta fitar da rahoto mai zane kala-kala, ta sanar da mu cewa kayan da ya fi tafiya a shagon, ya doke shinkafa da sabulu da shayi, shi ne Sauransu. Yayana ya duba ya gyaɗa kai, ya ce in ƙaro oda.