Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Taswirar Garin Lafiya da Ke Cikin Kwamfuta



Na rubuto ne in yaba miki, sannan in kawo miki kukan unguwanninmu.

Tun da aka kafa NAGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta jiha, a zamanin mulkin Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya yi gwamna daga 2011 zuwa 2019, aka ɗauki hoton ƙasarmu daga sama aka zuba a cikinki. A da takardar fili takan kwana cikin fayil har gara ta cinye ta, mutum biyu su riƙe shaidar fegi guda. Yanzu ana danna maɓalli ki nuna iyakar kowa, ki faɗi mai shi da abin da gwamnati ke binsa. Wannan ci gaba ne, ba mai musu.

To amma idon da ya ga kusurwar kowane fegi a Bukan Sidi da Shabu da Tudun Gwandara, yaya aka yi bai ga bolar da ke jikin katangar fegin ba? Lafiya ta zama babban birnin jiha a 1996, tun daga lokacin gari ke ta faɗi, gini yana riga magudanar ruwa isa unguwa. Ki leƙa bakin kwalbati bayan ruwan farko na damina: ledar fiya wata da robar lemo sun cushe shi, ruwa ya tsaya ya yi kore, sauro na ƙyanƙyasa a ciki, yara na tsallakawa da takalman makaranta a hannu. Abin da ya samu hanya ya wuce, kogin Amba yake nufa. Da rani kuwa sai a cinna wa shara wuta. A wajen injinan casar shinkafa, tulin ɓuntu yakan yi kwanaki yana ci a hankali, ba harshen wuta sai hayaƙi, mai ciwon asma ne ya san zafinsa.

Duk waɗannan suna da wuri a doron ƙasa, kuma duk abin da ke da wuri kina iya nuna shi. Matsalar ita ce an koya miki ganin abin da ke kawo kuɗin shiga, ba a koya miki ganin abin da ke kai mutum asibiti ba.

Ga roƙona. A sa miki alamar kowace bola da kowace hanyar ruwa, ta yadda ba za a ba kowa izinin gini a kan magudana ba. A buɗe ki ga hukumar kwashe shara da hukumar tsara birane, kada kowace ta riƙe bayaninta a aljihu. Alal misali, a birnin Indore na ƙasar Indiya, motocin shara na bin gida-gida ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke, jami'ai na kallon zirga-zirgarsu daga ofis, kuma daga 2017 birnin ya yi shekaru a jere yana zama na ɗaya a tsafta a ƙasar. Haka nan a ba mu lambar da za mu tura hoton bola, mu kuma ga ranar da aka kwashe. Wanda ba shi da babbar waya ya faɗa wa mai unguwa a shigar masa.

Na san ba ki da shebur, ba ki da tifa. Idan babu mota da mai da albashin leburori, jan ɗigo a allon kwamfuta ba zai ɗauke ko leda ɗaya ba. Mu ma da namu laifin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya share ƙofar gida ranar Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata, shi ne ke juye kwandon shara a lambatu da zarar hadari ya haɗu. Sai dai ranar da kika fito da ƙazantar kowace unguwa a fili, har da tsawon kwanakin da ta yi a wurin, babu jami'i ko maƙwabcin da zai sake cewa bai sani ba.

Wassalam.

Naki,
Wani mazaunin Lafiya, Jihar Nasarawa