Ranar da Keke Ya Cinye Min Wando

A tsaye nake wannan rubutun, domin tun jiya zama ya gagare ni. Ƙarangiya ce. Uwargida ta raba dare tana tsince min ita da hasken tocila, tana yi tana kau da kai wai tari ne ya sarƙe ta. Abin da ya rage ta ce sai dai ya fito don kansa.

Yadda aka yi na koma keke ba dogon labari ba ne, kowa ya ji shi a aljihunsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Ni malamin makaranta ne, gidana a Rimin Gado, wurin aikina can wajen Rijiyar Zaki. Na buga lissafi, na jingine babur a zaure na lulluɓe shi da buhu, na sayo keke ɗan gwanjo mai giya, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Mai sayarwa ya rantse min cewa Bature ne ya hau shi, kuma ran Lahadi kawai.

Wanda bai taɓa bin hanyar Gwarzo bayan sallar asuba ba zai zaci mutanen da ke kanta neman halali kawai ya fito da su. Magina ne da cebur ɗaure a sandar keke, leburori, masu kayan miya, masu itace da kara, kowa ya nufi gabas, ta Janguza, ta sabuwar Jami'ar Bayero, wasu har Kabuga, tafiyar kimanin kilomita 20. Ka tambayi ko wanne zai ce maka shi a hankali yake tafiyarsa, ina ruwansa da wani. Wallahi tsere ake yi. Ba a dai faɗa ne, kuma rashin faɗar shi ne babbar dokar. In za ka wuce mutum sai ka haɗiye haki, ka saki fuska, daidai lokacin da kuka yi kafaɗa da kafaɗa ka daina taka feda don ya ga keken ma da kansa yake tafiya, sannan ka ce masa, "Sannu da ƙoƙari." Na sha zagi a rayuwata, ban taɓa jin wanda ya kai wannan gaisuwar zafi ba. Shi kuma wanda aka wuce haƙƙinsa ne ya waiwaya ya duba tayar baya yana girgiza kai, don jama'a su shaida iska ce ta yi ƙasa.

Da giyata na gama da magina. Na gama da masu itace. Mutum ɗaya ya hana ni sakat, wani dattijo mai rake. Baƙin Raleigh yake hawa, irin wanda aka riƙa haɗawa a Bompai a zamanin da Kano ke da masana'antu, mai birkin ƙarfe da murfin cen, babu giya ko ɗaya, ga ɗaurin rake gicciye a kariya ya cinye rabin hanya. A hawa nakan bar shi. Amma akwai wata gangara kafin Janguza, kullum a nan sai in ji ganyen rake yana shuu a bayana, sai murya: "Hanya! Hanya, yaro!" Ya wuce ko kallona ba ya yi. Yaro! Ni da furfura ta fara sauko min gemu, 'yata ta fari tana aji uku na sakandare.

Jiya masu duba makarantu za su zo, sai na ɗauko farar shaddata ta Sallah wadda ta sha bugu. Kullum nakan cusa ƙafar wando ta dama cikin safa, don keke irin nawa cen ɗinsa a buɗe yake, waɗanda suka ƙera shi ba su san da wandon Bahaushe ba. Jiya na dubi karin gugar nan na ce a'a, wannan ba zai shiga safa ba.

Na cim ma Baba a hawa. Na haɗiye haki, na daina feda, na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ya ce, "Yawwa, ɗana." Da muka doshi gangara na ce yau dai sai dai a yi wadda za a yi. Na sa babbar giya, na miƙe tsaye a kan feda, iskar hunturu tana kaɗa min riga, a gefen gangarar ga teburin mai shayi cike da mutane suna kallo, abin da nake so ke nan. Na ji shuu a bayana. Na ƙara dannawa.

Sai na ji an taɓa min idon sawu.

Taɓawa ce ta ladabi, har na zaci ciyawa ce. Fedar ta zagayo sau ɗaya, bakin wandon ya shiga tsakanin cen da haƙoran faranti. Mai hankali a nan yake tsayawa. Amma ganyen rake ya riga ya shafi kunnena, don haka na sake dannawa. Zagaye na biyu ya haɗiye shaddar har ƙwauri. A na uku ne na ji abin da har yanzu in na tuna sai na rufe ido: wani ɗan sauti a ƙuguna, ɗas. Zariya ta tsinke. Wandon ya sauka ba tare da gardama ba, sanyin safiya ya isa wuraren da bai taɓa isa ba tun ranar da aka yi min wankan farko ina jariri.

Da ma faɗuwar gudu na yi, irin wadda ake salati a ruga a ɗauke ka, da na samu tausayi. Ina! Na saki hannu ɗaya na cafko wando, na matse birki da ɗayan, keken ya rage gudu, ya rage, ya zo daidai gaban teburin mai shayi ya tsaya cak. Na tsaya a sama, ƙafar dama ɗaure da feda. Na san dama zan karkata, na kuma san babu ƙafar da zan kafa a can. Na samu lokacin duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ga mai shayi ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, ya tsaya da hannu a sama. Na ga wani yaro da burodi a baki. Har na yi tunanin in yi musu sallama. Sannan na tafi a hankali, kamar buhun geron da aka jingina bai zauna daidai ba, na sauka gefen kwalta cikin ƙarangiyar da ta gama nuna tun kaka. Rigar da nake sa ran za ta rufa min asiri ta kife min a ka.

Baba ya wuce. "Hanya, yaro!"

A cikin duhun riga na tuna da gajeren wandon da ke jikina. Uwargida ce ta sa aka ɗinka min shi da ragowar atamfar ankon bikin ƙanwarta, shuɗiya mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Ta ce ai ba mai gani.

Muryar farko da na ji ta wani bawan Allah ce a kan benci, na leƙo na gan shi: hula zanna a karkace, rediyo a cinya, kofin shayi a hannu. Bai tashi ba, kuma har aka gama bai tashi ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Malam, ai da ka sauka kafin ka faɗi."

Na ce na gode.

"Kada ka motsa," in ji shi. "Motsi shi ke ƙara ɗaure shi." Na kwanta shiru a kan ƙarangiya. Ya ɗan yi nazari. "To ɗan motsa mu gani." Na motsa. "Ka gani ko? Abin da na faɗa ke nan."

Wani saurayi da ya ce shi yaron bakanike ne ya durƙusa ya ce a juya feda baya. Mai rediyo ya ce gaba, don abin da ya shiga ta gaba ta gaba yake fita, ko a cikin ɗan Adam haka Allah Ya tsara. Yaron ya ce ai a cikin ɗan Adam ta baya yake fita. Aka yi shiru ana auna wannan magana, ni ina ƙasa. Nan take benci ya rabu biyu, 'yan gaba da 'yan baya, kuma na gane irin kallon da suke wa juna, shi ne kallon da muke yi a kan hanya. Kowane ɓangare ya turo wakili ya juya fedar. Shaddar ta riga ta naɗe a gindin faranti, duk wanda ya juya sai ta ƙara shiga, wandon ya ƙara sauka, furanni su ƙara bayyana.

"Manja," in ji mai rediyo. "A kawo manja." Mai shayi ya ce shi bota gare shi. "Bota ma mai ce." Aka lakato bota aka shafe min farar shadda da ita, mai shayi yana faɗa min kuɗinta tun ina kwance. Bai fita ba. Mai rediyo ya ce to ba shakka botar ce ba ta asali ba. Sai ya kawo shawarar a samu majiya ƙarfi huɗu su ɗaga keken sama su girgiza, Malam zai faɗo da kansa. Wallahi mutum biyu har sun miƙe. Mai shayi ya sunkuyo ya raɗa min cewa in yi haƙuri da shi, bai taɓa hawa keke ba, tsoronsa yake ji, amma duk wanda ya faɗi a gangarar nan shi ke jagorantar aikin.

A daidai nan wata bas daga Rimin Gado ta tsaya sauke fasinja. Na ja riga na rufe fuska, na manta ba fuskar ce ke buƙatar rufi ba. Sai na ji murya daga taga, muryar gwaggon matata, wadda ko sunana ba ta kamawa don kunya. Ta kafa idonta a kan wata bishiyar darbejiya can nesa, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya: an tashi lafiya, ya iyali, ya sanyi, ya aiki. Na amsa ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙarangiya, har da "aiki da godiya." Motar ta fara tafiya, na ji ta ce wa ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ashe atamfar ta yi saura."

Mai rediyo ya ga jikina ya yi sanyi, sai ya koma lallashi. Ya ce in kwantar da hankalina, manya ma sun faɗi. A zamanin Obasanjo an yi ministan sufuri, Ojo Maduekwe, wanda ya dage sai 'yan Najeriya sun koma keke, shi da kansa yake hawa zuwa ofis a Abuja, a 2001 wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Wannan gaskiya ne, ni ma na tuna an yi. Har na fara jin sauƙi. Ya kurɓi shayi ya ƙara da cewa, "Sai dai shi da wandonsa ya faɗi."

Can sai ga Baba mai rake ya dawo a ƙasa, yana turo kekensa yana haki. Na ce shi ke nan, ya zo karɓar kambunsa. Ya jingine keken, ya durƙusa ya ce, "Sannu, ɗana. Na ga faɗuwarka, tsayawa ce ta gagara sai da na kai inda gangara ta ƙare. Birkin nan tun bara ya mutu." Na ce, "Baba, to wannan hanya-hanya da kake min kullum fa?" Ya ce, "To in ban faɗa ba ai sai in bi ta kanka." Ya ɗan yi shiru, ya dubi giyoyina, ya ce, "Amma ko da birki ba za ka riga ni ba."

Ya zaro wuƙar da yake feƙe rake da ita. Mai rediyo ya ɗaga hannu ya ce kul, shadda tsada gare ta, gara a yanke cen. Yaron bakanike ya ce wuƙa ba ta yanka cen. Ya ce to a cire wandon gaba ɗaya a ba Malam buhun sukari ya ɗaura, ya bi bayan kekensa a ƙasa har wurin mai faci. Baba bai saurare shi ba, ya zagaye ƙafar wandon da wuƙa daidai gwiwa, ƙyat, na samu 'yanci. Ya kwance igiya ɗaya daga ɗaurin rake ya ba ni na yi zariya. Na miƙe, ƙafar hagu shadda mai karin guga har idon sawu, ƙafar dama gwiwa a waje tana ƙyallin bota, bayana kuwa ba a magana.

Mai rediyo ya dube ni sama da ƙasa, ya rage ƙarar rediyonsa, abin da bai yi ba tun da na faɗi. Ya ce, "Haka za ka je gaban masu duba makaranta? A'a. Baba, yanke ɗayar ma su daidaita, sai a zaci ɗinkin ne haka."

Na buɗe baki zan yi magana, na ji Baba ya riga ya kama ƙafar hagu.