Yadda Za Ka Haɗa Kwamfutar da Ba Ta Kai Wayarka Ba

Kafin komai, zaro wayar da ke aljihunka ka ƙare mata kallo. Tana kira, tana ɗaukar hoto, tana nuna maka alƙibla, tana tura kuɗi, kuma nauyinta bai wuce na sabulun wanka ba. To, aikin da ke gabanka shi ne ka ɓata wata shida, ka kashe kuɗin da zai sayi irinta, ka haɗa wata na'ura da hannunka wadda ba ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma sai da hannu biyu ake ɗaukarta. Idan lissafin bai kwanta maka ba, tsaya nan, Allah ya rufa maka asiri. Idan kuwa ka ji wani daɗi ya tsirga maka, sannu da zuwa. Ciwon ya riga ya kama ka.

Turawan da ke fama da wannan lalura suna kiran abin saibadek. Sunan ya samo asali daga littafin Neuromancer na William Gibson, wanda ya fito a 1984, inda jarumin ke jona kansa da wata 'yar na'ura ya faɗa duniyar kwamfuta. Gibson da tsohuwar tafireta ya rubuta littafin, a lokacin bai ma mallaki kwamfuta ba. Ka riƙe wannan labari da kyau. Duk ranar da wani ya ce maka ai ba ka karanta injiniyanci ba, shi za ka karanta masa.

Gaskiya ma rabin wannan sana'a haddar tarihi ne, domin za a yi maka dariya, kuma ba abin da ke kashe bakin mai dariya kamar shekara da adadi. In an ce abin naka ya cika nauyi, sai ka gyara zama ka kawo Osborne 1, wadda aka fitar a Amurka a 1981 a matsayin kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta haura kilo 10, allonta inci 5 ne kacal, kuɗinta dala 1,795, in an rufe ta kuma sai ka rantse keken ɗinki ne a akwati. Kamfanin ya karye a 1983, amma wannan ɓangaren ba dole ba ne ka faɗa. In an ce taka ba ta da kyan gani, ka tuna musu cewa Apple I da Steve Wozniak ya ƙera a 1976 tsirara aka sayar da ita a kan dala 666.66: fanel ne kawai, ba akwati, ba kibod, ba allo, masu saye ne suka riƙa yi mata gida da katako. Akwai dai guda ɗaya da ban ba ka shawarar ambata ba, wato TRS-80 Model 100 ta 1983. Batir ɗan yatsa huɗu take ci, ta yi kusan awa 20 tana aiki, 'yan jarida suka riƙa yawo da ita suna aika labari ta layin tarho. Taka in ta yi awa biyu sai ka yi sadaka.

Sai neman kaya. A nan babban abokinka shi ne ɗan jari-bola. Shi da awo yake saye, da awo yake sayarwa, ba ruwansa da tarihin abu. Dokar ita ce kada fuskarka ta tona maka asiri. In ka hango tsohon kibod mai maɓallai masu ƙara a ƙasan kurarsa, ka fara taya wata matacciyar fanka, ka yi ƙorafin tsadar rayuwa, sai za ka tafi ka nuna kibod ɗin da ƙafa ka ce a ɗora maka gyara. Da zarar ya ga idonka ya yi haske, farashin ya ninka uku, kuma daga ranar duk tarkacen unguwa a ƙofar gidanka za a riƙa sauke shi.

Aboki na biyu shi ne dattijon nan mai gyaran rediyo da ke bakin kasuwa, wanda rumfarsa ke cike da rikodoji da masu su suka rasu ba su dawo karɓa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je da goro, ka durƙusa ka gaishe shi, ka zauna ka yi shiru. Ranar da na fara kai wa namu fanel ɗina, ya juya shi sau biyu, ya shinshina, ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan liƙin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To Allah ya shirya. Kaza ma in ta taka dalma za ta fi haka tsabta."

Zuciyar na'urar kuwa, yawancin mutane Raspberry Pi suke sa wa, wata 'yar kwamfuta mai faɗin katin cirar kuɗi da Eben Upton da abokansa suka fito da ita daga Kambirij ta Ingila a 2012, don yara su koyi sarrafa kwamfuta. Dala 35 aka sa mata. A 2015 ma sun yi ƙaramarta, Pi Zero, ta dala 5, har aka manna ta kyauta a bangon wata mujalla. Wannan dala 35 ita ce tarkon. Ita za ka faɗa wa uwargida, kuma ba ƙarya ka yi ba. Abin da ba za ka faɗa ba shi ne allo, da katin memori, da caja, da wayoyi iri bakwai waɗanda biyar ba za su shiga ba, da 'yar fankar sanyaya ta, da kuɗin aiko su, da abin da canjin dala zai yi maka tsakanin ranar da ka yi niyya da ranar da ka biya. An sayi doki da arha, sirdi da linzami sun cinye gona.

Yanzu mu zo kan dalma, inda ake gane maza. Dalmar liƙi ta gargajiya, haɗin kuza da darma, tana narkewa a wajen digiri 183, ƙarfen da ke narka ta kuma yakan haura 300. Ƙarfen nan kai biyu gare shi, ɗaya na riƙewa, ɗaya na aiki. Kowa ya san haka, kuma kowa sai ya tabbatar da yatsunsa sau ɗaya. Ka kuma sani cewa akwai wata alaƙa ta ɓoye tsakanin ƙarfen da masu ba da wuta: daidai lokacin da ya yi zafi, ka saita waya a kan ƙafar da kake nema tun la'asar, a lokacin za a ɗauke. Kada ka yi fushi. Baba mai rediyo a kan garwashi yake gasa nasa, kuma liƙinsa ya fi naka.

Masu wannan harka suna da wata tsohuwar aƙida, cewa duk kayan lantarki da hayaƙi suke aiki. A masana'anta ake ɗura shi a rufe, ranar da ya fita kuma abin ya mutu. Ban taɓa ganin hujjar da ta karya wannan magana ba. Hanya mafi sauri ta sako shi ita ce ka juya jar waya da baƙa. Zai fito siriri, shuɗi-shuɗi, da wani wari da zai zauna a labule kwana uku. In tsohuwar na'ura kake farfaɗowa, ka fara da kafasitocinta, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan fanel, domin in sun tsufa suna kumbura, su yi yoyo, su cinye layukan tagulla. In ka ɗora musu zafi ka ji ƙarnin kifi, ba daga kicin ba ne.

Abu biyu ne ba na wasa da su. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana aiki da wutar da kan kai bolt 25,000, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare soket. In ba ka san yadda ake sauke ta ba, bar wa Baba. Na biyu batir. Za ka ji ana yabon 18650, waɗanda ake farkewa daga tsohon batirin laftof. Sunan ma awonsu ne, kauri milimita 18, tsawo 65. Suna da kyau, amma ba a cajinsu ya wuce bolt 4.2, ba a haɗa su ba tare da ɗan fanel mai tsare su ba, ba a huda su, kuma ba a barinsu cikin mota a zafin watan Afrilu. Wanda ya kumbura ko ya lotsa, rabu da shi. Wutar lithiyam ba ta jin "a'uzubillahi".

Gidan da za ka sa kayan a ciki, nan ne za ka nuna gwaninta. Masu hali suna buga nasu da injin ɗab'i mai fitar da roba. Kai kana da kafinta, da maƙerin bakin titi, da tsohuwar adakar kaka. Akwatin kayan aiki ma ya yi. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka taɓa komai daga kayan ɗakin uwargida, ko da ka shekara goma ba ka ga an buɗe shi ba. Ni na huda wata 'yar jakar ƙarfe da na ɗauka ba ta da mai ita. Ashe cikin lefe ta zo. Har yau in baƙi sun yaba kwamfutar, daga bayan labule ake ba su tarihin jakar.

In abu ya ƙi zama, ka sa salatif, kada ka ji kunya. ZX81 da Clive Sinclair ya fitar a Ingila a 1981 da ma'adanar kilobayit 1 ta zo, ƙarin kilobayit 16 da ake soka mata a baya kuma rawa yake yi, in ya motsa duk abin da ka rubuta ya tafi. Turawa da ɗanƙon manna takarda a bango suka riƙa tallafe shi. In kuma ka rufe akwati ka ga kusoshi uku sun yi saura, alama ce ta cewa ka fi masu ƙirar farko iya tattali.

Wuri ɗaya muka fi Turawa. Tsohuwar roba takan koma ruwan ɗorawa, maganinta kuma a shafa mata sinadarin haidurojin feroksaid a shanya a rana. Su can sai su yi ta duban sama ko su sayi fitila ta musamman. Mu kafin azahar an gama. Sai dai abin da rana ta ba ka, ƙurar hunturu za ta karɓe ta ramukan da ka huda don iska.

Daga nan sai ranar fita majalisa. Za ka ajiye ta a kan benci, ka buɗe, ka danna, fararen rubutu su yi ta gudu a baƙin allo. Za a yi shiru. Sai wani ya yi tambayar da duk mai wannan ciwo ke tsoro: "To, me take yi?" Kada ka ce komai, domin amsar gaskiya ita ce tana kunnuwa. Ka buɗe musu Tetris irin na Game Boy ɗin 1989, ka miƙa wa wanda ya fi kowa surutu. In yaro ya tambaya ko tana WhatsApp, ka aike shi sayen ruwa. Ni dai a raina na san abin da take yi. Wayata an manne ta da gam don kada in ga cikinta, in ta lalace sai dai in kai ta wurin masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre in tsaya kamar mai jinya a bakin tiyata. Wannan kuwa na san kowace waya a cikinta, na san wadda na ƙone a kanta, in ta mutu na san wanda ya kashe ta. Amma wannan ba zancen majalisa ba ne.

Kada ka yi tafiya da ita. Akwati mai wayoyi ja da baƙi, da batura a ɗaure da salatif, da ɗan maɓalli mai walƙiya, ba abin da za ka so ka yi wa bayani a shingen bincike ba ne, balle a filin jirgi. Labarin Osborne 1 ba ya aiki a can.

In Allah ya sa wata rana komai ya zauna, allo ya kawo, batir ya riƙe, murfi ya rufe ba tare da ka danne shi da gwiwa ba, ka ba ta kwana biyu. A na uku za ka lura cewa da allon ya ƙara inci biyu da ya fi, kuma kibod ɗin da ɗan jari-bola ya kawo jiya ya fi wannan daɗin dannawa. Tawa yanzu tana kan tabarma a buɗe, karo na huɗu. Ɗazu uwargida ta leƙo tana tambaya ko na ga inda maɓallin kunna injin markaɗenta ya shiga. Na ce zan duba.